Silin Roba da Ƙafar Baba Haladu

Ku ƴan istaj ɗin bana, masu koyon aikin jinya, na ji abin da kuke faɗa a bayan labo, ɗakin gwajin jini, kada ku zaci kunnena ya tsufa tare da gwiwata. Wai ranar awon masu ciwon sukari ranar hutu ce. A soki yatsa, a ɗiga jini a kan bandilet, ɗan tsinken awon nan, a zura a na'ura, wato aparai, ya nuna lamba, a ce Baba je ka, Allah ya ƙara sauƙi. Har wani a cikinku ya ce ko mai gyaran taya a tasha aka ba shi aparan zai iya. To sannunku da ƙoƙari! Ku samu wuri ku zauna. Ni Isufu, a wannan aiki na yi furfura tsakanin Magarya da Dungas, kuma yau sai kun ji ni har ƙarshe.

Shi kansa aparan da kuka raina yana da halinsa. Na tuna wata Hajiya mai sayar da rake a bakin tashar Magarya. Ta zo awo da sassafe, ba ta sa komai a bakinta ba, yadda aka ce ta yi. Muka soki yatsa, lamba ta yi tsalle sama, har muka fara maganar kwantar da ita. Da na riƙe hannunta sai na ji yana danƙo. Na ce, “Hajiya, kin taɓa rake yau?” Ta ce, “Yo wa zai kasa mini shi in ban kasa ba kafin in fito?” Aka wanke hannu da sabulu, aka bari ya bushe, aka sake. Lamba ta sauko inda ta saba zama. Ruwan raken da ke kan fatarta muka auna da farko. Tun daga ranar ba na sukar yatsan da ban ga an wanke shi da idona ba.

Kuma a gefen yatsa ake suka, ba a tsakiya ba, musamman manomi wanda fatar hannunsa ta zama kamar ƙirgi. Kwalbar bandilet ba a barinta a buɗe, ba a barinta a taga rana ta dafa ta. Sannan lambar safe ta wannan safiyar ce kawai. Akwai wani awon da muke aika jini Damagaram, shi ne ke faɗin yadda sukarin mutum ya kwana ya tashi na watanni uku a baya. Wallahi har yau in sakamakonsa ya zo hannuna sai na yi tasbihi. Mutum ya manta abin da ya ci shekaranjiya, amma jininsa yana riƙe da labarin shayin da ya yi ta sha tun kafin girbi. Ga awon fitsari saboda ƙoda, ga tansiyo, wato awon hawan jini, ga duba ido. Duk waɗannan an koya muku a lakwal, kun rubuta, kun ci jarrabawa. Abin da na ga kuna tsallakewa kullum shi ne ƙafa.

Ranar da na fara aiki a gidan likita na Magarya, hannun Madam Ramatu aka sa ni. Ita ce babbarmu a ɗakin masu sukari, gajeriyar mace, ba ta dariya sai da dalili. Na shigo da farar rigata sabuwa ina hangen aparai a kan tebur. Ta bi ni da kallo daga sama har ƙasa, ta miƙo mini roba da tsumma da sabulu. Ta ce, “Isufu, aparai ba ya gudu. Durƙusa.” Na durƙusa. Na daɗe ina wanke ƙafafun tsofaffi kafin ta yarda in taɓa yatsan kowa. Ta koya mini in buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ɗora bayan hannuna a kan ƙafar dama, in ɗora a ta hagu, in ji ko wata ta fi wata zafi. In shinshina, e, in shinshina, kada ku yatsina mini fuska. In cusa hannu cikin takalmin mutum in laluba, don an sha samun tsakuwa ko ƙusa a ciki mai takalmin bai sani ba.

Daga baya ta ciro wani abu daga aljihunta, ɗan silin roba siriri kamar gashin wutsiyar doki, an kafa shi a jikin ɗan mariƙi. Ta ce in rufe ido in miƙo tafin ƙafata. Ta dangwala shi har ya lanƙwasa, na zabura. Ta ce, “Ka ji?” Na ce na ji mana. Ta ce, “To gode wa Allah. Wannan ciwo in ya daɗe a jiki yana cin jijiyoyin ji, daga yatsun ƙafa yake farawa yana hawa. Ranar da mutum ya daina jin silin nan, ya daina jin ƙaya, ya daina jin wuta. Ƙafarsa za ta ruɓe yana tafiya a kanta yana gaisawa da mutane.” Na riƙe maganar, amma a lokacin a kai kawai take. Sai a wata muguwar shekara na gan ta da idona.

A shekarar nan ina wani ƙaramin dispansar a ɓangaren Dungas. Bandilet suka yanke mana ƙaf. Waɗanda aka samu aka kawo daga baya sun sha zafin mota a hanya, ka auna mutum ɗaya sau biyu su ba ka lamba biyu da ba su san juna ba. Muka ajiye aparai a cikin akwati. Masu sukari kuwa suka ɗauke ƙafa, don a wurinsu in babu lamba babu awo. Wa zai hau kabu-kabu daga Kwaya ko Dogo-Dogo don kawai a kalle shi? Raina ya ɓaci ƙwarai a wannan bazarar, don na san ciwon bai tafi hutu ba. Sai na ce tunda ba su zuwa, ni zan je. Ranar kasuwar Dungas in ɗaure roba da jarkar ruwa a bayan moto, wato babur, in sa abin awon tansiyo da silin roba a jaka, in shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi. Duk wanda na sani da sukari in ya gifta, in kira sunansa da ƙarfi har kunya ta sa ya zo.

A nan Baba Haladu ya same ni. Dattijo ne dogo, daga wani ƙauye wajen Dogo-Dogo, ya daɗe da sukari, ya zo neman ƙwayoyinsa. Matarsa Inna Gambo tana biye da shi da ƙwarya a kai. Manomi ne kamar kowa, amma da rani sana'arsa shingen ƙaya. In mutum yana son ya killace garka ko gonar rogo saboda awaki, Baba Haladu ake kira. Sauran masu shinge da sanda mai baki biyu suke danna ƙayar, suna tsalle-tsalle. Shi kuwa hawa yake yi ya tattake ta da ƙafa, ba takalmi. Saboda haka shingensa ya fi na kowa matsewa, sunansa ya kai ƙauyuka.

Na auna tansiyo, na duba idonsa, na ce, “Baba, miƙo ƙafa.”

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Likita, duba wani wurin. Duk jikina babu inda ya kai ƙafar nan lafiya.”

Mutanen da ke kusa suka taso, kowa da shaidarsa. Wani mai sayar da igiya ya ce da idonsa ya ga Baba yana tafiya a kan rairayi da azahar tsaka, lokacin da jaki ma ke ɗaga ƙafa. Wani ya ce gado ne. Wai kakan Baba ya ba shi wani magani tun yana goye, ya ce maganin ba zai tashi aiki ba sai Baba ya manyanta, ga shi kuwa ya tashi. Baba Haladu yana ta gyaɗa kai. Ya ce, “Matsefatata ma na bayar kyauta. Me zan cire da ita?” Kun san babu manomin da ke rabuwa da matsefatar cire ƙaya, a wuya ake rataye ta ko a lalita. Da na ji ya ce ya bayar da tasa, sai na san da matsala.

Na ce, “Baba, to a bar ni in ga abin mamakin nan da hannuna, in samu na ba jikoki labari.” Wannan ta yi masa daɗi. Ya zauna, ya miƙo ta dama. Na nuna masa silin, na dangwala a bayan hannunsa don ya san yadda yake. Na ce ya ja hularsa ya rufe ido, duk inda ya ji ya ce e. Na taɓa babban yatsa. Shiru. Na taɓa ƙarƙashin yatsu. Shiru. Na bi tafin nan wuri-wuri har diddige, mutumin nan yana zaune kamar icen da yake jingine da shi nake taɓawa. Har ya gaji ya ce, “Likita, ka fara ko tukuna?”

Na jawo roba na fara wanki. Ƙasa ta bushe a ƙafar ta yi ɓawo, ga kaushi, ga faso. Da na ɗora bayan hannuna sai na ji ta fi ta hagu zafi nesa ba kusa ba, kuma ta ɗan tasa. Da ƙasar ta fita, sai ga wani baƙin ɗigo a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, gefensa ya yi taushi. Na danna, mugunya ta fito, warin ya bugi hancina. Na ɗauko tawa matsefatar na kama bakin abin na ja. Jama'a, ƙayar aduwa ce, ta kusa tsawon gaɓa biyu ta yatsana, ta yi baƙi don daɗewa. Ina jan ta daga cikin naman mutum, shi kuwa ido a rufe yana ba mai igiya labarin tsadar hatsi. Na ce a raina, Allahu akbar, ashe zafin nan da muke ƙi, muke kuka da shi tun muna yara, mai gadi ne Allah ya sa mana. Ban taɓa sanin girman wannan ni'ima ba sai da na ga jikin da aka ɗauke wa ita.

Na ce ya buɗe ido, na ɗora masa ƙayar a tafin hannu. Na zaci zai firgita. Ina! Sai ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane. Ya ce, “Kun gani? Kun gani da idonku? Ko likita ya shaida! Wannan a cikin ƙafata take, ko gezau!” Wurin ya ɗauki kabbara da sowa. Awon da na yi don in nuna masa ciwo, shi ya zama masa hujja. Ni kuwa na san abu ɗaya: in dattijon nan ya koma gida ya ci gaba da hawa ƙaya da wannan rami a ƙafarsa, kafin damina ta yi nisa sai an yanke ta, in ma an samu ransa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi sowa ba. Inna Gambo tana tsugune a gefe, ta sauke ƙwaryarta, tana kallon ruwan robar da ya canza launi.

Ban yi masa gardama a gaban jama'a ba. Ba a kunyata dattijo a kasuwa, balle a taɓa kakansa. Na ce, “Baba, ƙuda sun yi yawa a nan, mu koma bayan rumfar can in ɗaure maka.” Muka koma mu uku. Na wanke ramin, na sa magani, na naɗe. Inna Gambo ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba. Ta ce, “Likita, ni ke wanke buzun sallarsa. Na daɗe ina ganin jini.” Ya ce, “Ke Gambo!”

Na ce, “Baba, aikina bai ƙare ba, saura ta hagu.” Ya ja hula ya rufe ido yana murmushi. Babban yatsa, shiru. Ƙarƙashin yatsu, shiru. Diddige, shiru. Sai na kai silin tsakiyar tafin, wurin nan da ya lotsa, wanda bai cika taɓa ƙasa ba. Ina dangwalawa ƙafar ta zabura a hannuna.

Murmushin ya ɗauke. Bai ce e ba. Sai ya ce, “Sake.”

Na sake.

Ya ce, “Sake, ɗana.”

Na sake. Ya ture hular daga idonsa, ya sunkuya yana kallon wurin kamar ba a jikinsa yake ba. Sai ya fara magana, muryar ba irin ta kasuwa ba. Ya ce, “Ubana da ƙafa ya koya mini shuka. In ruwan farko ya sauka, sai mu fita da safe, ya ce tsaya nan, nutsa ƙafarka. Sanyin ƙasa ne zai gaya maka ko laimar ta isa a zuba iri ko a jira. Duk ƙauyenmu ni ake tambaya. Yau damina nawa, in na tsaya a gona kamar a kan buhun auduga nake. Sai in faki ido in ga maƙwabci ya ɗauko sungumi, ni ma in ɗauko. Hannu yana gaya mini, amma ba ɗaya ba ne.” Ya share fuska da hannun riga. Ya ce, “Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Maganin kaka bai ce zai ɗauke mini wannan ba.”

Tausayinsa ya kama ni, amma ban sassauta ba. Na ce, “Baba, ban san abin da kakanka ya ba ka ba, Allah ya jiƙansa. Wanda na sani shi ne sukari, kuma haka yake yi. Ya cinye ta dama, ya cinye ta hagu, saura ɗan wurin nan. Wanda ya tafi ba na ce maka zai dawo ba. Ta dama kuwa ta fara ruɓa daga ciki, ya fi ƙarfin tabarmata. In ka yarda yau mu tafi Magarya, ina sa ran ka tsira da ita. In ka koma kan ƙaya, za ka yi shukar baɗi a zaune, in da rabon ka gan ta.”

Ya dubi matarsa. Ta riga ta ɗora ƙwaryarta a kai. Ta ce, “Tashi, Malam.”

Ya kwanta a Magarya har ruwa ya sauka aka yi shuka babu shi. Babban likita ya cire ƙaramin yatsan, don ƙashin ya taɓu, amma ƙafar ta tsira. Sana'ar shinge ta ƙare daga nan, kuma kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Mutanen da suka yi masa kabbara su ne suka koma cewa likitoci sun karya masa magani. Ya sa takalmi rufaffe, yana tafiya a ciki kamar an ɗaure jaki sabon kamu. Na koya wa Inna Gambo abin da Madam Ramatu ta koya mini: wanki kullum bayan la'asar, buɗa tsakanin yatsu, bayan hannu, laluben takalmi. Ita da kanta ta je wurin wanda aka ba matsefatar ta karɓo ta, ta rataya a wuyanta. Da bandilet suka dawo, Baba ba ya fashin awo. Lambarsa wata rana ta yi kyau, wata rana in yi masa faɗa a kan fura da sukari. Amma duk zuwa, ana gama yatsa zai tuɓe takalmin hagu da kansa ya rufe ido. In na kai wurin nan ya ce e, sai ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ce in sake.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga kun sallami mutum da takalminsa a ƙafa. Gobe akwai awo. Duk wanda na ga ya ɗauki aparai bai ɗauki roba da tsumma ba, ni da shi ne.

Bari in ƙarasa muku. Da damina ta zagayo, na fita zagayen ƙauyuka wajen Dogo-Dogo, washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Na biya ta gonarsu don in gaishe su. Daga nesa na hango Inna Gambo a durƙushe, na zaci wani abu ta yar. Da na matso sai na ga ƙasa take tarawa. Tana ɗiba daga ƙasan rami tana murzawa a tafin hannu, tana tsince duk wani tsinke da ƙarangiya, har ta yi ɗan tudu kamar malmalar tuwo. Baba Haladu yana tsaye ya dafa sungumi. Da ya gan ni ya ce, “Likita, ka hana ni tuɓe takalmi a gona. Yau ɗaya dai.” Na sauka daga moto, na durƙusa, na laluba tudun da hannuna ban ji komai ba sai sanyi. Na ce, “Bismilla, Baba.”

Ta kwance masa takalmin hagu. Ya dafa kafaɗarta, ya ɗaga ƙafar, ya sauke lotsin tafin a kan tudun a hankali. Ya rufe ido, ba wanda ya ce ya rufe. Ni da ita muna kallon fuskarsa. Ya daɗe a haka.

Sannan ya buɗe ido ya ce, “Gambo, ta isa. Ɗauko iri.”